OSPF: maƙwabta sun kai FULL amma jadawalin hanyoyi babu komai, ina matsalar take?

ɗalibin_Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa, ku taimaka mini da wannan, dare biyu ke nan ina kansa.

Ina shirin rubuta jarrabawar CCNA 200-301 ta kamfanin Cisco bayan babbar sallah in Allah ya kai mu. Da rana ina shagon gyaran kwamfuta na yayana a Zariya, da dare nake karatu. Dala 300 ɗin kuɗin jarrabawar a hankali na tara su, shi ya sa ba na son in shiga ɗakin da haddar da ban fahimta ba. Yanzu ina kan OSPF, tsarin da rautoci ke bi su koya wa juna hanyoyin netwok.

Ga abin da na haɗa a GNS3, manhajar gwada netwok a cikin kwamfuta. Rauta biyu (na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanya a netwok), R1 da R2, waya ɗaya tsakaninsu a ƙofar Gi0/0, mahaɗar tana kan 10.0.12.0/30. Lambar shaidar R1 ita ce 1.1.1.1, ta R2 kuma 2.2.2.2, duka suna yanki na 0. Kowace na ba ta lufbak ɗaya (ƙofar da ba ta da waya, a saiti kawai take) a madadin ofis, 192.168.10.1/24 a R1, 192.168.20.1/24 a R2. Daren farko komai ya tafi daidai. Na ga hanyoyin a jadawali, na yi `ping` daga wannan ofis zuwa wancan, ya wuce. Jiya da na sake buɗe aikin sai na tarar `show ip route ospf` wayam, a duka ɓangarorin biyu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maƙwabtakar tana nan lafiya lau. `show ip ospf neighbor` ya ba ni haka:

`R1:  2.2.2.2   FULL/  -`
`R2:  1.1.1.1   FULL/BDR`

Na karanta cewa idan agogon sallama (`Hello`) da agogon yanke ƙauna (`Dead`) ba su zo ɗaya ba, maƙwabtaka ba ta ƙulluwa. Na duba su da `show ip ospf interface g0/0 | include Timer`, duka biyun `Hello 10, Dead 40, Wait 40, Retransmit 5` suka nuna. Yanki ɗaya ne, babu kalmar sirri, `ping` tsakanin 10.0.12.1 da 10.0.12.2 yana wucewa. Har `show ip ospf database` na duba, kowace rauta tana da bayanan 'yar'uwarta. Na yi `clear ip ospf process` sau uku, sun dawo FULL, hanya ba ta fito ba. Ni a fahimtata FULL shi ne ƙarshen magana. To me ya rage?

Tambaya ta biyu, tunda na riga na zo. Wannan jadawalin na nau'o'in netwok da agogunansu ya ƙi zama a kaina. Yau in haddace 10 da 40, gobe 30 da 120 su shigo, jibi 5 da 15 na EIGRP, wani tsarin hanyoyi irin OSPF, su hautsina komai. Wane nau'i ne ake zaɓen DR (rautar da ke shugabantar sauran a mahaɗa) a cikinsa, wane ne ba a yi, kullum sai na koma littafi. Akwai dalili a bayan lambobin nan da mutum zai riƙe, ko hadda ce kawai?

Allah ya saka da alheri.

ɗan_Fagge ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duba MTU na ƙofofin biyu, wato iyakar girman fakitin da ƙofa ke ɗauka. Ni ma na taɓa kwana kan irin wannan, ashe ɗaya 1500 ce, ɗayar na rage ta a wani gwaji na manta. Idan ita ce, ka daidaita su ka gani.

tsohon_injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Fagge, shawararka tana da kyau a wurinta, amma ba wannan ba ce. Saɓanin MTU yana tsayar da maƙwabta a EXSTART ko EXCHANGE, ba sa kaiwa FULL. Shi kuwa nasa sun kai.

Ƙanena, amsar tana cikin layi biyun da ka liƙa mana. Dubi bayan kalmar FULL. R2 ta ba maƙwabciyarta muƙami, ta ce BDR ce (mataimakiyar DR), wato R2 ta gudanar da zaɓe kuma ita ta ci. R1 kuwa ɗan layi kawai ta ja, don a wurinta babu zaɓe sam. Waya ɗaya ce, amma kowace da irin kallon da take mata. R2 tana kan nau'in shela (`broadcast`), wanda shi ne asalin saitin kowace ƙofar Ethernet, R1 kuma wani ya sa mata `ip ospf network point-to-point`, nau'in ni-da-kai. Da ka buga `show ip ospf interface g0/0` ba tare da ka tace shi da `include Timer` ba, da ka ga `Network Type` a layukan farko. Tacewar ce ta ɓoye maka.

Dalilin da ya sa suka yarda da juna shi ne, fakitin sallama ba ya ɗauke da nau'in netwok. Abin da ake gwadawa idan ya iso shi ne lambar yanki, tazarar sallama, lokacin yanke ƙauna, kalmar sirri idan akwai, alamar ko yankin rufaffe ne, sai mas ɗin sabnet a wasu nau'o'in. Babu gurbin da rauta za ta rubuta "ni shela nake yi" ko "ni ni-da-kai nake yi". Nau'o'in nan biyu kuma agogonsu ɗaya ne, 10 da 40. Don haka sallama ta karɓu, aka yi musayar bayanai har ƙarshe, aka kai FULL. Ma'anar FULL ita ce rumbun bayanansu ya zama iri ɗaya. Bai ce abin da ke cikin rumbun ya yi ma'ana ba.

A wajen lissafin hanya ne abin ya karye. OSPF yana zana taswira daga bayanan LSA, wato bayanin da kowace rauta ke rubutawa kan mahaɗanta, sannan ya bi ta da lissafin Dijkstra, kuma ba ya amfani da wata mahaɗa sai ɓangarorinta biyu sun shaidi juna. R1 ta rubuta a LSA ɗinta cewa tana da waya kai-tsaye zuwa 2.2.2.2. Idan lissafi ya je LSA ɗin R2 ya nemi inda ta ce tana da waya zuwa 1.1.1.1, ba zai samu ba, don ita abin da ta rubuta shi ne tana haɗe da wani zaure na taro wanda ita ce DR ɗinsa, har ta fitar masa da LSA nau'i na 2. Ita kuma R1 ba ta taɓa cewa tana cikin wannan zauren ba. Shaida ba ta haɗu ba, sai a jefar da mahaɗar, duk abin da ke bayanta ya ɓace daga jadawali. Buga `show ip ospf database router` ka karanta yadda kowace ta siffanta mahaɗar, za ka ga saɓanin da idonka. Ina ba ka shawara ka karanta kafin ka gyara, don ba kullum ake samun kuskure mai koyarwa irin wannan ba.

Gyara kuwa layi ɗaya ne. Ko ka sa wa R2 ni-da-kai, ko ka cire wa R1. Ni na farkon zan yi. Rauta biyu kacal a waya ba su da buƙatar zaɓe. A nau'in shela, ƙofa idan ta tashi ba ta ji wani DR ba sai ta jira agogon `Wait`, wanda kullum daidai yake da na yanke ƙauna, sakan 40, kafin ta yi zaɓe. Ni-da-kai ba ya wannan jiran, kuma ba ya ƙara LSA nau'i na 2 a rumbu.

Tambayarka ta biyu. Akwai dalili, kuma tarihi ne. Lokacin da aka tsara OSPF, wanda takardar ƙa'ida RFC 2328 ta 1998 ta tabbatar da sigarsa ta biyu, layukan nesa irin su X.25 da Frame Relay da ATM ake fama da su. Suna da tsada, wasunsu ba su da sauri, kuma ko da rautoci da yawa suna sabnet ɗaya, ba ka iya yin magana ɗaya kowa ya ji kamar a Ethernet. A cikin RFC ɗin ma misalin da aka bayar shi ne sakan 10 ga netwok na cikin gida, sakan 30 ga X.25. Nau'o'in da aka yi don irin waɗannan layukan su ne masu 30 da 120. Ka lura a duka biyun yanke ƙauna ninki huɗu ne na sallama, don haka lamba biyu kawai za ka riƙe, 10 da 30.

Sauran kuma sunan da ke cikin umarnin yana gaya maka. Duk sunan da ka ga `non-broadcast` ko `multipoint` a cikinsa, 30 da 120 ne, wanda babu su 10 da 40. Duk wanda ya fara da `point-to` babu zaɓe a cikinsa, don ana ɗaukar kowace mahaɗa tsakanin mutum biyu ce. Zaɓe na masu zaure ne, `broadcast` da `non-broadcast`. Duk inda kuma `non-broadcast` ya fito, sallama ba za ta tafi 224.0.0.5 da kanta ba, sai ka rubuta adireshin maƙwabci da hannu da umarnin `neighbor`. Da wannan za ka iya sake gina jadawalin gaba ɗaya a takarda ba tare da ka buɗe littafi ba.

Ga CCNA ta yanzu, shela da ni-da-kai ne a manhaja, tare da zaɓen DR da BDR da lambar shaida. Sauran suna jiranka a CCNP, matakin da ke gaba da CCNA, musamman jarrabawar ENARSI. Ka san su sama-sama, amma ƙarfinka ya tafi kan biyun nan.

ɗalibin_Zazzau ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, ya jiƙan mahaifa. Haka abin yake. R1 `POINT_TO_POINT`, R2 `BROADCAST`. Yanzu na tuna yadda aka yi. Daren farko bayan komai ya yi aiki, na sa wa duka biyun ni-da-kai don in ga bambanci. Na yi `write memory` a R1, ina shirin komawa R2 aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗina kuma ba ya riƙe caji. Da na sake kunnawa R2 ta koma saitinta na da.

Na bi shawararka na karanta rumbun kafin in taɓa komai. A LSA ɗin R1 an rubuta mahaɗar tana haɗe da `another Router`, a na R2 kuma `a Transit Network`. Sai yau na gane cewa waɗannan bayanan karanta su ake yi, da can wucewa kawai nake. Ina sa wa R2 umarnin, maƙwabtakar ta faɗi ta tashi nan take, hanyoyi suka dawo.

Sai dai wani abu da na lura da shi. Lufbak ɗin /24 na ba shi, amma a jadawali 192.168.20.1/32 yake fitowa. Wannan ma kuskurena ne?

tsohon_injiniya ya amsa:

Ba kuskure ba ne. Lufbak nau'insa daban ne a OSPF, ana tallata shi a matsayin adireshi guda, /32, ko wane mas ka ba shi. Idan kana so ya fito da /24 ɗinsa, shiga ƙofar lufbak ɗin ka sa mata `ip ospf network point-to-point`.

na_Maraɗi ya amsa:

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in raɓa da tawa, ni ma shirin jarrabawar nake. Rauta huɗu na haɗa a suwic ɗaya. Biyu daga ciki sun tsaya a 2WAY/DROTHER tsakaninsu, sun ƙi kaiwa FULL. Sannan na ɗaga fifikon R4 zuwa 200 don ta zama DR, ba ta zama ba. Yaya Injiniya, wannan ma saɓanin nau'i ne?

tsohon_injiniya ya amsa:

A'a, naka lafiya ƙalau yake, haka aka tsara shi. A zaure kowa da DR da BDR kawai yake kaiwa FULL. Waɗanda ba su da muƙami sun san juna, suna gaisawa, a nan suke tsayawa. Idan ɗayansu yana da sabon labari, 224.0.0.6 yake aikawa, inda DR da BDR ke saurare, DR kuma ta shelanta wa kowa a 224.0.0.5. Da rauta huɗu ba za ka ga amfanin sosai ba, maƙwabtaka 5 ce maimakon 6. Da rauta goma kuwa 17 ce maimakon 45.

Batun R4, ka ɗauke shi kamar liman da na'ibi. Idan an riga an tayar da sallah, ko wanda ya fi kowa karatu ne ya shigo, sahu zai bi. OSPF ba ya tsige DR don wata mai fifiko ta zo daga baya. Idan DR ta faɗi ma, BDR ce ke hawa, sai a zaɓi sabuwar BDR, a nan ne R4 za ta shiga. In kana son ka gan ta a sama yanzu, sake tayar da OSPF a kan DR da BDR duka. Wadda kuma ba ka so ta taɓa shiga zaɓe, ba ta fifiko 0.

maman_biyu ta amsa:

Injiniya ya gama da nau'o'i. Ni kan agogo zan ƙara, don a wurin aiki shi ya fi ba ni wahala, kuma littafi ba ya cika tsayawa a kansa.

Ƙanena, gwada wannan a GNS3 ɗinka. Idan ka yi `shutdown` a ƙofar rauta, ita wannan rautar nan take take zubar da maƙwabciyarta, ba ta jiran sakan 40, don ta ga ƙofarta ta mutu. Agogon yanke ƙauna yana aiki ne a inda ƙofa take raye amma maƙwabci ya yi shiru. Saka suwic a tsakani, ka kashe rautar can, ka zauna kana maimaita `show ip ospf neighbor`. A lafiyar Allah `Dead Time` yana saukowa daga 40 zuwa wajen 30 sai sabuwar sallama ta mayar da shi sama. Ranar da ka ga ya gangara ƙasa da 30 yana ci gaba, sallama ta fara ɓata.

Na yi aiki a wani kamfani a Kaduna da ke haɗe da reshensa ta rediyon da ke kan hasumiya, da wani layin ajiya a gefe. Rauta ba ta ganin iska, wayar da ke tsakaninta da akwatin rediyo kawai take gani, ita kuwa kullum a raye take. Da damina idan hadari ya taso siginar ta yanke, sai an yi kusan sakan 40 kaya suna zuba a rami kafin OSPF ya haƙura ya koma layin ajiya. Masu kiran waya ta intanet su ne farkon masu kuka. Muka rage sallama zuwa sakan 1, yanke ƙauna 4. Komawa layin ajiya ta yi sauri, amma sai wata matsala ta fito. Duk ɗan rawar da sigina ta yi na 'yan sakanni sai maƙwabtaka ta faɗi, a sake musayar bayanai, a sake lissafi, ta dawo, ta sake faɗuwa. Daga baya muka ɗan ɗaga lambobin muka samu zaman lafiya. Inda layi yake da kyau kuma kayan aiki suna iyawa, BFD, wani tsari na daban mai sa ido kan layi, ya fi dacewa da gano yankewa cikin ƙasa da sakan ɗaya, a bar agogon OSPF yadda yake.

Abu biyu kan umarnin. A Cisco idan ka canza `ip ospf hello-interval`, yanke ƙauna yana bin sa da kansa ya zama ninki huɗu, muddin ba ka riga ka saita shi da hannu ba. Idan kuwa `ip ospf dead-interval` ka canza, sallama ba ta motsi. Na biyu, da zarar ka canza gefe ɗaya, kowace za ta fara watsi da sallamar 'yar'uwarta, agogo yana cika maƙwabtaka ta faɗi. Don haka a aiki na gaske rautar nesa ake fara taɓawa, daga rautar da ke manne da ita, bayan an sa mata `reload in 10` ba a ajiye saitin ba. In ka kulle kanka a waje, bayan minti 10 za ta sake tashi da tsohon saiti. In komai ya yi, sai `reload cancel`. Na ga wanda ya fara da ta kusa, sai da aka tura mutum reshe da mota.

EIGRP da yake rikita ka, bambancinsa ba a lambobi kaɗai yake ba. Sallama 5, riƙo 15, a tsofaffin layukan taro marasa sauri kuma 60 da 180. Amma shi ba ya buƙatar agogo su zo ɗaya. Kowace rauta tana rubuta lokacin riƙonta a cikin sallamarta, wato tana gaya wa maƙwabciya "in kin ji ni shiru tsawon kaza, ki cire ni". Kuma canza sallama ba ya canza riƙo, don haka wanda ya mayar da sallama 30 ya bar riƙo a 15 zai ga maƙwabtaka tana faɗuwa tana tashi. A CCNA ta yanzu ba za a ce ka saita EIGRP ba, amma ka riƙe cewa darajar amincinsa (lambar da rauta ke auna tsarin da za ta fi yarda da hanyarsa, ƙarama ce ke nasara) 90 ce, ta OSPF 110.

Wani abu da zai yi maka amfani gaba, idan ka kai DMVPN, tsarin haɗa cibiya da rassa ta tanel. Ƙofar tanel asalinta ni-da-kai ce a OSPF, ita kuwa cibiya rassa da yawa take magana da su ta ƙofa ɗaya, sai ta riƙa sakin wannan tana kama wancan. A nan dole ka canza nau'i. Kuma ana iya haɗa nau'i biyu daban su yi aiki idan sun yarda kan batun zaɓe, misali cibiya a `point-to-multipoint` rassa a ni-da-kai, matuƙar ka daidaita agogonsu da hannu. Naka na jiya akasin haka ne, agogo ya zo ɗaya, batun zaɓe ya saɓa.

ɗalibin_Zazzau ya amsa:

Anti, na gode ƙwarai, Allah ya raya yara. Bayan isha'i na yi gwajin. Na saka suwic tsakanin R1 da R2, na kashe R2, na zuba wa agogon ido har ya kai sifili, sai saƙon `Dead timer expired` ya fito, hanyar lufbak ɗin R2 ta fita daga jadawali. Sannan na kunna ta, na mayar da sallamar R1 zuwa 5 na bar R2 a 10. Yanke ƙaunar R1 ta koma 20 da kanta kamar yadda kika ce, `debug ip ospf hello` kuma ya riƙa fito da `Mismatched hello parameters`. Wannan kuskuren aƙalla yana faɗin sunansa. Na jiya shi ne mai shiru.

Jadawalin nau'o'in na rubuta shi da ka a bayan takardar rasit ta shago bisa ƙa'idar Malam, na gwada da littafi, duka biyar sun fito daidai.

Na Maraɗi, gobe zan haɗa naka na rauta huɗu in kashe DR in ga ko BDR za ta hau kafin R4. Idan ka riga ni yi, liƙa mana abin da `show ip ospf neighbor` ya nuna maka kafin kashewar da bayanta.